Bin Sawun Caji

Asabar, 4 ga Janairu 2025, Birnin Kebbi

Ajin manya da nake koyarwa duk Asabar bayan la'asar ya dawo yau. Mutum goma sha ɗaya suka zo, kowa a ƙudundune saboda hunturu: masu shago, 'yan kabu-kabu biyu, wata yarinya mai sana'ar POS, da tsohon direban babbar mota da duk muke kira Baba. Ba jarrabawa ce ta kawo su ba. So suke su iya karanta saƙon banki da takardar asibiti ba tare da sun miƙa wa yaron maƙwabta ba.

Wani mai shagon kayan masarufi ne ya tayar da zancen. Ya miƙo min wayarsa, ga saƙon banki, kalmar charge ta fito a ciki har sau biyu. Ya ce, "Malam, ni dai caji na waya na sani. Mi ya haɗa banki da batirina?" Aka yi dariya. Mai POS ta ce ai caji kuɗin aiki ne. Ɗan kabu-kabu ya ce shi cajin da ya sani shi ne caji ofis, kuma ba ya fatan komawa. Kafin a ƙifta ido an sami ma'ana uku, ni kuwa da na shekara ashirin da alli a hannu na kasa faɗa musu igiyar da ta ɗaure su.

Ga shawarar da na yanke. Zan haɗa ɗan littafi, shafi goma sha biyu, a kan wannan kalma kaɗai. Na yanka kwalin taliya ya zama katuna. Kowane kati zai ɗauki jimla guda, da inda aka ji ta ko aka gan ta, da ma'anarta da Hausa. Sharaɗi ɗaya na gindaya wa kaina: babu jimlar da zan ƙago daga kaina, sai wadda wani ya furta ko aka rubuta.

Talata, 7 ga Janairu

Kwana biyu ba wuta a unguwarmu, sai na kai wayata wajen mai caji a bakin titi, na zauna kan bencinsa da katuna a aljihu. Katako ne ya kafe da ƙusa, soket ya fi arba'in a jere, wayoyin caja sun harɗe kamar saƙar gizo. Rana yana amfani da sola, magariba ta yi ya tayar da ɗan janareta. Kowace waya yana manna mata salatif ya rubuta lamba, ya ba mai ita guntun kwali da lambar. In ka yar da kwalin, sai ka faɗi hoton da ke fuskar wayar kafin ya ba ka.

Cikin awa ɗaya na cika kati biyar. "Ba ta ɗaukar caji." "Cajin ya zube." "Cajarka ce ba ta da kyau." "Caza min ita ko rabi ne." Sai wani saurayi da aka bata wa rai a waya ya ce, "Kai, yaron nan ya caza min kai."

Wannan caza ɗin ya tsaya min a rai har na dawo gida. Babu wata z a cikin kalmar Turancin. Bahaushe ne ya sa ta. A harshenmu z kan koma j idan i ko e ta biyo ta: kaza, kaji, ya ciza, ya ciji yaro, ya cije. To da kunnen Bahaushe ya ji caji, sai ya ɗauka ai z ce ta sake kama, ya mayar da ita gidanta, ya sami caza. Haka aka yi wa canji aka sami canza. Wato kalmar ba baƙuwa ba ce kuma, an yi mata zanen suna, tana bin dokar gida.

Asabar, 11 ga Janairu

Na zo aji da abin da na tono a ƙamus, ina jin kaina. Na ce musu asalin kalmar daga Latin ne, harshen Rumawa. Suna da carrus, wato amalanke, kalmar da su ma suka aro daga mutanen Gol, ƙasar da yau ake kira Faransa. Daga nan aka sami carricare, loda wa amalanke kaya. Faransanci ya gaje ta. A 1066 Wiliyam na Nomandi ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da na kotu shekaru aru-aru, kuma ta wannan ƙofa kalmar ta shiga Turanci, tana nan a rubuce tun ƙarni na 13. Car, carry da cargo duk 'yan ɗaki ɗaya ne da ita.

Ina cikin zuba sai Baba ya ɗaga hannu. Ya ce, "Malam, ai wanga ba labari ba ne. Lokacin da muka jan mota ta Kamba mu ƙetare Gaya ta Nijar, in anka zo lodi, sharje suka cewa. Mota ta yi sharje, sai a tahi." Ya faɗa yana gyara hula, ko a jikinsa. Abin da na kwana uku ina nema a takarda, shi ya shekara talatin yana jin sa a tasha. Gaskiyarsa kuwa: a Faransanci har gobe charger na nufin loda kaya, ma'anar da Turanci ya kusa mantawa da ita.

Daga nan aikin ya sami kashin baya. Na rubuta ƊORA a allo da manyan baƙaƙe. Na ce su ba ni abin da Bahaushe ke ɗorawa. Kaya a kan jaki. Haraji a kan talaka. Laifi a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Nauyin gida a kan babban ɗa. Suna faɗa ina jera katunan Turanci a ƙarƙashi, sai ga shi kusan kowanne ya sami wurin zama: charge na kuɗi, charge na kotu, charge na shugabanci. Ashe ba Turanci ne ke da wuyar kai ba, tunanin ma iri ɗaya ne da namu. Mai shago ya ce, "To banki ɗora min suka yi ke nan." Na ce ka gama fahimta.

Alhamis, 16 ga Janairu

Ba abin kirki. Gyaran takardun jarrabawar gwaji ya cinye makon. Kati biyu kacal: free of charge daga allon wani asibiti inda ake rigakafin yara, da incaj, yadda matan unguwa ke kiran shugabar ƙaramin asibitin. Uwargida ce ta ba ni na biyun, ta ce in rubuta cewa ita ta kawo.

Asabar, 25 ga Janairu

Ranar kuɗi. Na bar wa mai POS allo, don ta fi ni sanin wannan fage nesa ba kusa ba. Ta ce su a bakin aiki cajis suke cewa, da s ɗin jam'i a manne, ko da kuɗin guda ne. Ta rarrabe wa aji abin da ke nata da abin da ba nata ba, domin kullum da ita ake faɗa. Naira hamsin ɗin da ake cirewa idan kuɗin da aka tura ya kai dubu goma, harajin gwamnatin tarayya ne, ya zo da dokar kuɗi ta 2020, kuma tun 1 ga Disambar 2024 su OPay da Moniepoint ma suka fara cirewa. Naira shida da kwabo casa'in da takwas na tura kuɗi ta lambobin da ake dannawa ba intanet, wannan tun Maris na 2021 yake. Nata shi ne abin da take ɗorawa a kan cire kuɗi, shi ma a cikinsa take sayen tsabar kuɗin da takardar rasit.

Wani ya tuno mata farkon 2023, lokacin canjin takardun naira, da masu POS suka riƙa yanka mutane son ransu. Ta ce, "Yaya, lokacin ni ma sayen kuɗɗin nika yi." Aka bar zancen.

Ga abin da na ciro wa littafin daga zaman yau. A Turanci, mutum ake charge, sannan a ambaci kuɗin: he charged me two hundred naira. Abin da aka biya dominsa kuma for ke gabatar da shi. Ɗalibaina na sakandare kullum suna rubuta he charged me money of repair, suna bin Hausa sawu da ƙafa. Sai bambanci tsakanin charge da price. Price na kaya ne da za ka ɗauka ka tafi da shi, buhun shinkafa ko albasar Aliero. Charge ya fi zama a kan aiki ko hidima: ɗinki, aski, gyaran babur. Ba doka ce mai shinge ba, amma ga mai koyo ta isa.

A makon nan ne kuma, ranar Litinin, hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. Ajin bai buƙaci in fassara musu wannan ba.

Lahadi, 26 ga Janairu

Na ƙirga: kati ashirin da uku. Na fara rubuta shafin farko da hannu. Sau uku ina yagewa, don kullum sai in tarar na koma yaren aji shida. Wanda zai karanta mai shago ne tsakanin ciniki da ciniki.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Yau na sha gyara, kuma na ji daɗinsa daga baya, ba a lokacin ba.

Na je gaida wani dattijo, abokin mahaifina, wanda ya yi aikin tafinta a kotun majistare har ya yi ritaya. Na baje masa katunan kotu a kan tabarma. Ya ɗauki guda, wanda na rubuta "'yan sanda sun caje gidan", na sa shi a layin charge. Ya kalle ni ta saman tabarau. Ya ce, "Ɗana, wa ya ce maka wannan charge ne? Da Turanci ba a charge ɗin gida a nemo kayan sata. Search ake yi." Na buɗe baki na rufe. Shekara nawa ina jin an caje mota a shingen hanya, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba. A ganinsa kalmomi biyu ne suka faɗa rami ɗaya a bakin Bahaushe, kuma na yarda da shi, don ma'anar bincike ba ta cikin charge ko ta wace fuska. Na ciro katin, na buɗe masa shafi na daban: abin da ya yi kama da ita amma ba ita ba.

Sannan ya zauna ya ba ni karatu. Ya ce babbar ɓarnar da ya gani a aikinsa ita ce mutane ba sa raba tuhuma da hukunci. Charge a kotu tuhuma ce kawai, an ɗora maka magana, saura a tabbatar. Amma da zarar an ce an yi cajin wane, gari ya gama yanke masa hukunci, har a fasa ba shi aure. Alhali tsarin mulkin 1999, sashe na 36, ya ce duk wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai an tabbatar. Sashen ya kuma ce dole a sanar da shi abin da ake tuhumarsa da shi cikin harshen da yake ji, in kuma ba ya jin harshen kotu a ba shi tafinta ba tare da ya biya ko kwabo ba. Ya buga ƙirji ya ce, "Ni ne wannan tafintan." Sashe na 35 kuwa ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita arba'in, in babu, kwana biyu. Caji ofis sunansa ya nuna aikinsa: wurin rubuta tuhuma ne, ba masauki ba.

Ya ƙara min da discharge, wato sauke kayan da aka ɗora. Asibiti in sun sallame ka, ita ce. A kotu ma ita ce, sai dai ya ja kunnena: discharged kaɗai sallama ce, ana iya sake kamo mutum a kan maganar, sai an haɗa da acquitted ne aka wanke shi. Ya ce ya sha ganin dangi suna guɗa a harabar kotu a kan rabin magana.

Na fito da kati shida da kunya ɗaya. Ya ce in na buga littafin in kawo masa ya duba kafin a raba. Ban yi musu ba.

Asabar, 8 ga Fabrairu

In charge of da in the charge of. Ƙaramar the ce ta raba su, amma ta juya zancen gaba ɗaya. The teacher is in charge of the children, malam ke riƙe da yara. The children are in the charge of the teacher, yara ke hannun malam. Cire the daga ta biyun, sai yara su zama su ke riƙe da malam. Baba ya ce a wasu makarantun ai hakan ne.

Wani ya tambayi abin da yake ji a labarai idan an janye jakada. Chargé d'affaires, Faransanci ne tsantsa da Turanci ya aro bai taɓa shi ba: wanda aka ɗora wa al'amuran ofishin, muƙaddashin jakada. Rabin layi ya ishe shi a littafin.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Na dawo kan tambayar farko, ta batir, don ita ce ba ta zauna daidai a ƙarƙashin ɗora ba. Ba a ɗora wa waya wuta. Ɗan kabu-kabu ɗaya, wanda mahaifinsa maharbi ne a wajen Zuru, shi ya ba ni mabuɗin. Ya ce babansa in zai fita, sai ya ɗura bindiga: albarushi, sannan tsumma, a danna da ƙarfe. Turanci ma charge yake ce wa wannan, da aikin da kuma albarushin da aka zuba. Ɗora da ɗura, wasali ɗaya ya raba su, kuma kalmar Turancin ta haɗiye duka biyun. Lodi ne dai, ko a kai ko a ciki.

Na ba su labarin yadda ta isa ga lantarki. Wajen 1745 zuwa 1746 masana a Turai suka gano za a iya tara lantarki a cikin kwalba, aka sa mata sunan garin Leiden na ƙasar Holan. Benjamin Franklin na Amurka, wanda hotonsa ke jikin takardar dala ɗari (nan 'yan aji suka gyara zama), ya yi ta gwaji da irin waɗannan kwalabe, yana aika wasiƙu Landan tun daga 1747. A cikinsu yana cewa an yi charge ɗin kwalba, an yi discharge ɗinta. Da ya jera kwalabe da yawa ya haɗa su, sai ya kira su battery, sunan da sojoji ke ba jerin igwa. Wato batirin da ke cikin wayar mai shago sunan kayan yaƙi yake ɗauke da shi, cajinsa kuma ɗurin bindiga ne. Mai shago ya juya wayarsa ya kalle ta kamar yau ya fara ganinta.

Mai POS ta kawo sabon kati: surcharge, ɗori a kan ɗori. Babban bankin ƙasa ya fitar da sanarwa a makon nan cewa daga 1 ga Maris, wanda ya ciri kuɗi a na'urar bankin da ba nasa ba zai biya naira ɗari a kan kowace dubu ashirin, an kuma soke cirewa uku na kyauta da ake yi a wata. In na'urar ba a harabar banki take ba, ana iya ƙara masa har naira ɗari biyar. Wannan ƙarin shi suka kira surcharge. Ita dai murmushi take yi, ta san inda mutane za su koma.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Kati ɗaya ya ƙi zama ko'ina. The bull charged at him, sa ya taso masa. The horsemen charged, mahaya sun yi sukuwa sun afka wa abokan gaba, irin abin da muke gani a jahi ranar hawan salla, sai dai na jahi gaisuwa ce, a ja linzami a gaban sarki. Ba ɗora ba ne, ba ɗura ba. Na yi ta juya shi ina neman in cusa shi da ƙarfi, na ce ai wanda ya afka maka nauyinsa ya ɗora maka. Na karanta wa uwargida, ta ce, "Malam, wannan kai ma ba ka yarda da shi ba." Na soke. Zai zauna a shafinsa shi kaɗai, da jimla biyu da fassara.

Haka na yi da na samarin unguwa, "ya yi caji" ga wanda ya sha ƙwaya, da "kaina ya ɗau caji". Waɗannan namu ne, mu muka haifa, Bature ba zai gane su ba in an mayar masa. Na sa su a shafin Hausa tare da caza da cajis, da gargaɗin kada a kai su takardar jarrabawa.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Dattijo ya duba rubutun hannun, ya riƙe shi kwana uku. Gyara huɗu ya yi, uku a shafin kotu. Na huɗun, ya ce in daina rubuta "zargi" inda ya kamata in ce "tuhuma": zargi a bakin kowa yake, tuhuma sai hukuma. Na gyara.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

Kati talatin da huɗu, shafi goma sha huɗu, ya haura abin da na tsara da biyu. Bayan masallaci na kai wa mai buga takardu a kwamfuta. Ta duba, ta ce shafin Hausa ya fi na Turanci tsada, don ƙ da ɗ da ɓ ba sa kan allon na'urarta, sai ta riƙa nemo su ɗaya bayan ɗaya. Na ce ko kusa ba za a buga min ɗora da ɗura babu lanƙwasa ba, littafin gaba ɗaya a kansu yake tsaye. Muka daidaita a kan ƙarin naira hamsin kowane shafi. Ta ce, "Baba, ban caje ka da yawa ba." Na laluba aljihu, katunan sun ƙare, sai na rubuta a bayan rasit ɗinta.

Ana duban wata yau. In an gani, aji zai tsaya sai bayan salla. Kwafi ashirin na ce ta buga, ɗaya na dattijo, ɗaya na mai caji, don ya ce zai rataye shi a jikin katakonsa. Ta ce in dawo Talata, in an kawo wuta.